Littafin Awon Ƴar Kwalba

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 10:40 na safe, a kan bencin da ke ƙofar ɗakin jarirai

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da aikin gona. Yaya gwiwar taki? Tunda kunnenki ya hana mu magana ta waya, kuma can wajenku sai an hau tudu ake samun layi, zan riƙa ba direban motar kayan gonarku takarda duk mako. Wannan daga littafina na yago ta, ki yi haƙuri da gefenta.

Yau kwanan jaririyar Yaya ashirin da ɗaya a duniya. Nas-nas suna ce mata Ƴar Kwalba, har sunanta na gaskiya ya ɓata. Kwalbar da ake faɗa akwati ne mai haske da ɗumi, da ƙofofi biyu na zura hannu. An haife ta cikin yana sati talatin da kwana huɗu, nauyinta giram 1,280. Ta sauka zuwa 1,170 a kwana na biyar. Yau da safe 1,410. Tana shan nonon Yaya ta wani siririn bututu da aka zura mata a hanci, mil 26 duk bayan awa uku. Wani lokaci takan manta ta yi numfashi, sai na'ura ta yi ƙara, nas ta shafa mata tafin ƙafa ta dawo. Jiya sau biyu aka yi haka. Duk ina rubutawa a littafin nan, da lokacinsa, ba ya rabuwa da aljihuna.

Yaya da sauƙi. Ɗinkin aikin haihuwar ya kama, hawan jinin ya sauka, amma ba ta iya doguwar tsayuwa, shi ya sa aka sa sunana tare da nata a takardar masu shiga. Mu biyu ne kawai. A ƙofa an rubuta abin da za a bari a waje: waya, agogo, zobe, awarwaro, jaka. Sai wanke hannu har gwiwar hannu na minti biyu. Ni uku nake yi.

Goggo, da ban yi shekara huɗu ina karatun ƙwayoyin cuta ba, da na fi haka kwanciyar hankali. Banɗakin masu jinya ruwa kwance yake a ciki, ba ka sanin na famfo ne ko na me. Akwai wata mai jinya da ke tsoma kan yatsunta a ruwa kamar mai ɗanɗana miya, ta goge a zanin da ta share majina da shi, ta ce ta wanke. Na yi mata magana ta ce, “Ƴar nan, ke aka ba gadin famfon?” Tun daga nan ban ƙara iya cin abinci a kan bencin da ta zauna ba.

Ga labari mai daɗi. Idan ta ci gaba da ƙara giram 22 a rana, ranar Laraba 12 ga wata za a fitar da ita daga kwalba.

Bayan nan likitar yara ta kafa sharuɗɗa 3 kafin sallama: nauyi ya kai 1,800, ta sha mil 35 da bakinta sau 8 a rana ba bututu, ta yi kwana 5 a jere numfashi bai ɗauke ba. Ko sau 1 ya ɗauke, an koma 0.

Ki sa mu a addu'a.

Autarki

Juma'a, 7 ga Maris

Auta, Likitar Takarda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, Babanku kuma yana can yana faɗa da injin ban ruwa kamar shi ya haife shi.

Takardarki ta zo jiya. Na ce a ba ni labarin jikata, kin aiko mini da jarrabawar lissafi. Ni duk inda na ga lamba ta yi yawa tsallakewa nake yi, idona ba ya ɗauka. Amma abin da nake nema na gan shi da kyau: ranar Laraba za a fitar da ita. Alhamdu lillahi. Na karanta wurin sau uku, na yi kuka, na sa Babanku ya karanta shi ma.

Jibi Lahadi zai hau tudu da waya. Na ba shi sunayen kowa, dangin uwa da na uba, kada wani ya ce ba a gaya masa ba. Na ce su je asibitin da kansu su rako ta gida, tunda ni ƙafa ta hana. Yarinyar da ta sha wannan wuya ba za ta fito daga ita sai uwarta da ke ba, kamar marasa kowa. Kawunku ma zai je, ko da yake an ce tari ya sa shi gaba kwanan nan.

Ke kuma ki sassauta wa mutane. Tun kina ƙarama haka kike, sai kin shinshina kofi kafin ki sha. Matar nan da kika sa wa ido ita ma ɗanta ne a ciki. Ki ci abinci, kada a sallami jaririya a kwantar da ke.

Ki shafa mini kan Ƴar Kwalba, in an yarda ki taɓa.

Goggonki

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 2:15 na rana, a bencin nan dai

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ban samu amsarki ba har yanzu, an ce motar ta lalace a hanya. Yaya lafiya. Ƴar Kwalba jiya 1,610, an mayar da ita ƙaramin gado buɗaɗɗe kamar yadda na lissafa. Yau 1,630, ta sha mil 10 da kofi.

Amma jiya wani abu ya faru. Ƙarfe 11:20 na fito na tarar da danginmu mutum goma sha bakwai a baranda, na ƙirga. Wai sun zo rakiyar jaririya gida. Ban san wa ya gaya musu haka ba. Sun zo da jakunkuna da kuloli, wata ta zo da bargon jarirai da ta ce ƴaƴanta tara duk a ciki suka tashi. Da ta warware shi kashin ɓera ya zubo a ƙasa, na gani da idona, ta sa ƙafa ta take.

Na ce musu ba gida za ta ba, gado aka sauya mata. Matar Kawu ta ce, “To a miƙo ta mu ɗan ɗauka mana, tunda ta fito.” Na ce ba a shiga. Ta ce, “Ikon Allah! Auta ta yi digiri, yanzu mu ne ƙazamai.”

Kawu shi ne ya fi tayar mini da hankali. Tari yake yi daga can ƙasan ƙirji, ya tare da tafin hannu, ya duba abin da ya fito, ya goge a gefen riga, sannan ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Da na ce nauyinta bai kai ba, ya ce bai yarda ba sai ya gani. Ya karɓi littafina yana lasar yatsa yana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, “Kai, wannan ƴa ta fi akawu.” Yana miƙo mini na ruga famfo, na wanke hannu sau uku, har fatar ta yi fari.

Babbar nas ce ta cece mu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, “Wanda sunansa ba ya jikin takardar nan, ko shi ya haifi likita, nan zai tsaya.” Ko mutum ɗaya bai wuce ta ba. Sai suka baje a baranda suka buɗe kuloli. Da suka tafi ƙarfe 3:05 sun bar ƙasusuwa da shinkafa a ƙasa, ƙudaje kamar an kira su. Ni na share. Yaya ta yi ta kuka don kunya, nonon da ta tatsa da yamma rabin na kullum ne.

Ki taya ni bincika wa ya yi mana wannan aiki.

Auta

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 9:05 na safe

Goggo,

Ina gaishe ki. Mu dai babu lafiya.

Ranar Asabar da ƙarfe 7:50 na safe Ƴar Kwalba ta ƙi shan nono. Jikinta ya saki, launinta ya koma kamar toka. Kafin azahar numfashinta ya ɗauke sau huɗu, na ƙarshen sai da aka matsa mata iska da roba. An mayar da ita kwalba, an sa mata ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiyar hannu. Yau sakamakon jini ya fito: ƙwayar cuta ta shiga jininta. Maganin kwana goma ne. Nauyi ya koma 1,590. Kwana uku da ta tara babu ɗaukewar numfashi sun tafi. Likita ta ce an kama abin da wuri. Na tambaye ta ko za ta tashi, ta ce, “Muna sa rai.” Na san abin da ake nufi idan likita ta zaɓi wannan kalma.

Takardarki ta 7 ga wata ta iso ranar Juma'a. Yanzu na san wa ya tara mana jama'a. Goggo, na rubuta daga kwalba za a fitar da ita. Sharuɗɗan sallama suna ƙasa da wurin, layi biyu kacal, kika tsallake don akwai lamba. Ranar Laraba suka zo da tarinsu da bargonsu, ranar Asabar ta kwanta. Kwana uku. Ba sai an yi digiri za a haɗa wannan lissafi ba.

Ban taɓa ɗaga miki murya ba, kuma ba zan fara a takarda ba. Amma in na rufe ido tafin hannun Kawu nake gani. Sun yi ta kiran wayata, ban ɗauka ba, ko sunansu na gani a fuskar wayar sai na ji kamar in goge ta. Yaya tana zaune gaban kwalba da hannu ɗaya a ciki.

Kada ki sake aiko da kowa.

Auta

Juma'a, 21 ga Maris

Auta,

Takardunki biyu tare suka zo. Ban ci abinci ba tun jiya. Allah ya tashi kafaɗar yarinyar nan, ya dubi uwarta.

Laifin tara mutane nawa ne, na ɗauka. Wannan karon ban tsallake komai ba. Na sa tabarau na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na bi takardunki uku layi-layi, har lambobin. To akwai abin da ban gane ba, ke mai karatu ki fahimtar da ni.

Kin ce ko mutum ɗaya bai wuce babbar nas ba. Bargon bai shiga ba, Kawunku bai shiga ba. Kin ce ke da yayarki ne kawai masu shiga, kuma kina wanke hannu har fata ta yi fari. To tarin ta wace ƙofa ya bi?

Na ga kin rubuta cewa ya lashi yatsa ya bi littafinki shafi-shafi. Kin wanke hannu sau uku. Littafin fa, sau nawa?

Ba gatse nake miki ba. Takardun nan da kike yagowa daga cikinsa suna gabana. Ta farko akwai zoben gindin kofin shayi a kanta. Ta biyu akwai tabon mai a kusurwa, har ƙwayar shinkafa ɗaya ta bushe a lanƙwasar. Ta ukun gefenta ya taɓa jiƙewa ya bushe ya yi kumburi, kuma ni da hancina lafiya lau, na san warin banɗakin asibiti. Kin ce ba ya rabuwa da aljihunki. In haka ne, duk inda kika shiga ya shiga. In kin gama wanke hannun nan na minti uku, kika tsaya gaban yarinya za ki rubuta nauyinta, da wane hannu kike ciro shi?

Ni ban san ƙwayar cuta ba, ban taɓa ganinta ba. Na dai yi shekara talatin ina dafa wa mutane abinci, na san ba a wanke hannu a koma a ɗauki tsumman jiya.

In na yi kuskure ki ce Goggo ta tsufa. In ban yi ba, kada ki tsaya jin kunya, ki je ki gaya wa matar nan mai riƙe ƙugu. Akwai ƴaƴan wasu a ɗakin.

Goggonki, wadda ta goya ki

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe 11:30 na safe, a ofishin babbar nas, da takardarta da bironta

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Yaya lafiya, ta fara dariya. Ƴar Kwalba tana raye, ta gama magani ranar Talata, ta koma ƙaramin gado. Na fara da wannan don kada ki tsallake.

Takardarki ta same ni ranar Talatar, ƙarfe 1:10, littafin yana kan cinyata. Na karanta, na dube shi, na tashi na je na yi amai.

Ga yadda nake yi, tunda kin tambaya. Nakan wanke hannu, in sa rigar shiga, in je gaban gadonta, in zura hannu ta ƙarƙashin rigar in ciro littafin, in buɗe, in rubuta, in mayar, sannan in gyara mata hula ko in riƙe mata kofi. Ranar 12 da 13 da 14 ga wata, da take buɗaɗɗen gado, a kan shimfiɗarta nake ajiye shi, wajen ƙafafunta. A takardar ƙofa an rubuta waya, agogo, zobe, awarwaro, jaka. Ba a rubuta littafi ba. Kullum sai na karanta takardar nan, kuma ban taɓa karya ko ɗaya ba.

Na kai wa babbar nas littafin a cikin leda. Ta buɗe da safar hannu, ta juya shafi biyu, ta ce, “Ke ce mai koya wa mutane wanke hannu a famfo?” Na ce ni ce. Ta ce, “Sati shida ina ganinki da shi, na ɗauka sabo kike ɗaukowa daga akwati. Ni ma ban tambaya ba.” Ta ɗauki alƙalami ta fita, ta ƙara “littafi da biro” a ƙasan takardar ƙofa.

Na roƙa aka goga auduga a bangonsa aka kai ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu na je na ga farantin da aka shuka ƙwayoyin cutar a kai da idona. Goggo, a makaranta na sha shuka irinsa daga hannun ƙofa da takardar kuɗi, ban taɓa ganin wanda ya cika haka ba. Fari, rawaya, wani mai yauƙi, iri huɗu. Ɗaya daga ciki danginsu ɗaya da wadda aka samu a jininta. Likita ta ce kada in yi saurin yanke wa kaina hukunci, irin wannan tana zaune a fatar kowa, har fatar jaririyar, kuma tana iya bi ta wurin allura. Ta ce gwajin da zai tabbatar ba a yinsa a nan. Ban sani ba ko don ta lallashe ni ta faɗa.

Na gaya wa Yaya da bakina. Ta ce, “Je ki wanke hannu ki zo ki riƙe mata kofi, ni na gaji.” Ba ta sake tayar da maganar ba. Na kira Kawu na gaishe shi, ya ce tarin ya yi sauƙi. Matar famfo kuma an sallami ɗanta tun makon jiya, lafiya lau.

An ƙone littafin tare da sharar ɗakin. Yau kwana huɗu ke nan numfashi bai ɗauke ba, kuma tana shan duka da baki. In gobe ta wuce lafiya, jibi Laraba za mu tafi gida. Gida, Goggo, wannan karon kin karanta daidai. Amma ki bari sai na rubuto cewa mun isa kafin Baba ya hau tudu.

Na yi miki rashin kunya a takardar da ta wuce. Ki yafe mini.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba:

Ko daga littafin ne.

In daga shi ne, ko yatsan Kawu ne, ko banɗaki, ko bencin da nake cin abinci, ko hannuna.

Ko akwai wani jariri a ɗakin da na taɓa gadonsa bayan na rubuta. Na tuna biyu, ban tabbata na uku ba.

Ko ciwon ya taɓa mata ji. Sai an gwada bayan wata uku.

Ko gobe za ta wuce.

Ko Yaya ta yafe ne, ko gajiya ce.

Nauyinta na yau. Nas ta faɗa da safe, ya haura 1,800, wannan na riƙe. Sauran lambobi biyun sun fita daga kaina, don lokacin Ƴar Kwalba tana riƙe da ɗan yatsana kuma ba ni da inda zan rubuta.

Autarki